Tambaya da Amsa: Kwamfuta ta tashi, adireshi ya ƙi zuwa

Wasiƙu biyar muka ɗauka a wannan fitowa, kuma kukansu ɗaya ne: ana kunna kwamfuta, sai ta tsaya jiran adireshin IP, wato lambar da ake gane ta da ita a kan layi, daga DHCP, tsarin da ke raba waɗannan adireshi, har wa'adin jira ya cika ba ta samu ba. Alamar ta yi kama, amma tushen matsalar kowa daban, shi ya sa muka jera su wuri guda.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ke kula da ɗakin kwamfuta na wata makarantar sakandare, muna da kwamfutoci 24 masu Linux. Da can ƙaramin suwici, wato akwatin da kebul ɗin kwamfutocin ke haɗuwa a jikinsa, muke amfani da shi, lafiya lau. Tun da aka kawo mana babba, irin wanda ake shiga cikinsa a saita, kullum da safe kusan rabin kwamfutocin sai su tashi babu intanet. Na duba da journalctl -b, na ga dhcpcd, manhajar da ke neman adireshi, ya rubuta "timed out". Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, in na sake kiran dhcpcd da hannu, nan da nan adireshi ke zuwa. Ko suwicin ne ya lalace?
Malamin kwamfuta, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Suwicinka lafiyarsa ƙalau, aikin da aka ƙera shi ya yi ne yake yi. Matsalar ta lokaci ce, kuma lissafinta a fili yake.

Kwamfutar da ta tashi ba ta da adireshi, ba ta kuma san wanda za ta tambaya ba, don haka shela take yi ga duk wanda ke kan layin. Wannan shelar ita ce DISCOVER. Mai rabon adireshi, ko rauta ce ko uwar garke, sai ya yi mata tayi da OFFER. Ita kuma ta ce ta karɓa da REQUEST, shi ya tabbatar da ACK. Mai rabo yana sauraro a ƙofar UDP mai lamba 67, kwamfuta kuma a 68. In layi lafiya yake, cinikin nan kan ƙare cikin ƙiftawar ido. In shela ta tafi shiru, ƙa'idar DHCP, wato RFC 2131 ta 1997, ta ce a jira kimanin sakan 4 a sake, sannan 8, sannan 16, sannan 32, har zuwa 64. Ke nan shelar tana fita wajen sakan na 0, na 4, na 12, na 28, ta biyar kuma sai wajen sakan na 60. Riƙe waɗannan lambobi.

Su kuma manyan suwici suna da wani tsari da ake kira STP, wanda aikinsa shi ne hana kebul yin zobe. A ce wani ɗalibi ya ɗauki kebul guda ya soka bakinsa biyu a suwici ɗaya. Duk shelar da ta shiga sai ta dinga zagayawa tana ninkuwa har layin ya toshe, kowa ya rasa hanya. Don gudun haka, duk ramin da suwici ya ga haɗi ya taso a cikinsa, sai ya riƙe shi sakan 15 yana sauraro, ya ƙara wasu 15 yana koyon adireshin MAC, wato lambar da aka ƙera katin haɗi da ita, na abin da ke haɗe, sannan ya buɗe. Sakan 30 ke nan ramin a rufe. Katin haɗi na kwamfutarka kuwa, wato inda kebul ke shiga, bai san da wannan ba. Shi dai ya ga haɗi ya kama, a wurinsa hanya a buɗe take, sai dhcpcd ya fara shela. Ta farko, ta biyu, ta uku, ta huɗu duk suna mutuwa a bakin suwici. Wa'adin jiran dhcpcd na asali shi ma sakan 30 ne, don haka yana haƙura daidai lokacin da ramin ke buɗewa. Kuma in an tashe shi a kan kati ɗaya tak, da wa'adi ya cika fita yake yi gaba ɗaya. Lokacin da ka zo ka kira shi da hannu, hanya ta daɗe da buɗewa. Ƙaramin suwicinku na da bai san STP ba, shi ya sa bai taɓa sa ku jira ba.

Dalilin da ya sa rabi ke samu rabi na rasawa kuwa, yawanci katin ne. Wasu katuna suna kama haɗi tun ana danna makunni, su riƙe shi, sai sakan 30 ɗin su wuce kafin Linux ya gama tashi. Wasu kuma da direbansu ya hau sai ya kashe haɗin ya sake tayar da shi, suwici ya koma ƙirga daga farko.

Kafin ka taɓa komai, tabbatar da idonka. Kunna kwamfuta ɗaya, ka tsaya gaban suwicin da agogo. A yawancin na Cisco fitilar ramin takan yi ruwan goro tsawon lokacin da yake rufe, sannan ta koma kore. In ta kai kusan sakan 30 kafin ta sauya, magana ta ƙare. In kana son hujja mafi ƙarfi, je wata kwamfutar da ta riga ta hau layi ka rubuta:

sudo tcpdump -n -e -i enp3s0 port 67 or port 68

Ka musanya enp3s0 da sunan katinka, sannan ka kunna mai matsalar. Tunda DISCOVER shela ce, dole ka gan ta da adireshin MAC na kwamfutar. In ba ka ga komai ba alhali rajistarta ta nuna tana ta aikawa, suwici ne ke haɗiye ta. Sai dai ka lura, ba lallai ka ga OFFER daga wannan wuri ba, domin sau da yawa kai tsaye ake aika shi ga mai nema.

Gyaran yana kan suwici. A gaya masa cewa waɗannan ramuka kwamfuta ce a ƙarshensu, ba wani suwici ba. A na Cisco, ka shiga saitin ramukan ɗalibai ka sa layuka uku:

switchport mode access
spanning-tree portfast
spanning-tree bpduguard enable

Na biyu shi ke buɗe rami nan take. Na uku yana rufe ramin in wani ya soka suwici mai magana da STP a wurin da aka ce na kwamfuta ne, ko ya yi zobe. Kada ka manta da adana saitin, in ba haka ba ana ɗauke wuta ya tafi. Sauran kamfanoni suna kiran abin edge port, a MikroTik kuma edge=yes ne a kan ramin da ke cikin bridge. Abu biyu muke roƙonka. Kada ka sa wannan saiti a ramin da ya haɗa suwici da suwici. Kuma kada ka kashe STP ɗungurungum don ka huta, musamman a ɗakin da yara ke wasa da kebul. Ranar da aka yi zobe, ba rabin ɗakin za ka rasa ba, duka ne.

In ba a ba ka ikon shiga suwicin ba, buɗe /etc/dhcpcd.conf ka ƙara layin timeout 90. Mun ce 90 ba 60 ba, saboda shela ta biyar tana fita ne wajen sakan na 60, kuma wa'adin 60 zai iya yanke ta a baki. Wannan lallaɓawa ce kawai, ɗalibai za su riƙa jiran minti guda kowace safiya har sai an gyara suwicin.

TAMBAYA: Salam, Malam. Muna da shagon buga takardu. Akwai kwamfuta mai Ubuntu da firintoci ke haɗe da ita, mun saita ta tana tashi da kanta in wuta ta dawo. To duk sanda aka kawo wuta ko muka tada janareta, sai ta tashi babu adireshi, sai an jima ko an sake kunna ta. In wuta ba ta motsa ba, ko sau goma na sake kunna ta babu abin da ke faruwa. A cikin rautar ma na keɓe mata adireshinta, amma bai hana ba.
Mai shago, Gombe

AMSA: Malam, amsar tana cikin tambayarka: sai in an kawo wuta. Kwamfutar da rautar suna tashi tare, kuma kwamfutar ce ke riga. Wadda ke da SSD tana iya gama tashi cikin sakan 20, rautoci da yawa kuwa sukan ci minti ɗaya zuwa biyu, balle masu layin waya a ciki. Abin da ke ruɗa mutane shi ne fitilun ramukan rauta suna kamawa da wuri, tun kafin sashen rabon adireshi ya farka. Kwamfuta ta ga haɗi, ta yi ta shela, babu mai amsawa.

A Ubuntu na tebur, NetworkManager ne ke wannan aiki. Yana jiran sakan 45 a kowane yunƙuri, yana gwadawa sau 4, in duk sun faɗi sai ya huta minti 5 kafin ya sake. Tsohon dhclient, wata manhajar neman adireshi, shi ma bayan sakan 60 yakan rubuta "No DHCPOFFERS received", ya kwanta minti 5. Wannan hutun shi ne "an jima" ɗin da kake gani. Duba sunan haɗinka da nmcli connection show, sannan ka rubuta:

sudo nmcli connection modify "Wired connection 1" ipv4.dhcp-timeout 120 connection.autoconnect-retries 0

Sifilin da ke ƙarshe yana nufin ya ci gaba da gwadawa ba iyaka.

Keɓe adireshi a cikin rauta ba zai taɓa magance wannan ba, domin har yanzu sai kwamfutar ta tambaya, sai kuma rautar ta amsa. Abin da keɓewa ke yi kawai shi ne tabbatar da cewa in an amsa, adireshi ɗaya za a riƙa ba ta. Ga kwamfutar da firintoci da sauran na'urori suka dogara da ita, mun fi son a rubuta mata adireshi na dindindin a cikinta. Shiga rautar ka ga iyakar abin da take rabawa. In daga 192.168.1.100 ne zuwa 192.168.1.199, ba kwamfutar 192.168.1.10, ka sa adireshin rautar a gurbin mashiga, wato gateway, da kuma gurbin DNS. Dole ya kasance a wajen abin da ake rabawa, in ba haka ba wata rana rauta za ta ba wayar wani abokin ciniki adireshin nan, su biyun su rikice.

Akwai kuma gyara daga ɓangaren wuta, wanda a ganinmu ya fi kowanne amfani a shago. Juya rautar ka karanta abin da ke rubuce a ƙasanta ko a jikin cajarta. Da yawa bolt 12 ne da amfiya 1, wato iyakar abin da za ta ja bai wuce wat 12 ba. Ƙaramin UPS na rauta ko layin inbata zai riƙe ta a tsakanin ɗauke wuta da tada janareta, kwamfuta ta tashi ta tarar da ita a farke. Ka dai tabbatar ƙarfin bolt da girman bakin soket ɗin sun dace kafin ka saya, domin akwai masu bolt 9 da masu 5.

TAMBAYA: Na sa Ubuntu Server a wata na'ura mai ramin kebul biyu, ɗaya kawai na haɗa. Intanet yana aiki, amma duk tashi sai ta tsaya minti biyu cur a kan "A start job is running for Wait for Network to be Configured". Wani ya ce in kashe wannan hidima gaba ɗaya. In kashe?
Ɗalibi, Maraɗi

AMSA: A'a, ɗan'uwa, kada ka fara da kashewa. Minti biyun nan wa'adin systemd-networkd-wait-online ne, sakan 120. Yana tsaye yana jiran katunan da aka ce masa ana bukata su samu adireshi, ciki har da wanda babu kebul a jikinsa. Rubuta networkctl, za ka ga ɗaya yana routable, ɗayan yana no-carrier. Buɗe fayil ɗin da ke cikin /etc/netplan ka gaya masa na biyun ba dole ba ne:

network:
  version: 2
  ethernets:
    enp1s0:
      dhcp4: true
    enp2s0:
      dhcp4: true
      optional: true

Tazarar farkon layi da maɓallin sarari ake yin ta, ba da Tab ba. Tab ɗaya ya isa ya sa a ƙi karɓar fayil ɗin. Gwada da sudo netplan try. In saitin ya yanke ka daga na'urar ka kasa tabbatarwa, bayan sakan 120 zai koma tsohon saiti da kansa, kuma wannan ya ceci mutane da yawa da ke aiki daga nesa. Masu Debian da ke amfani da /etc/network/interfaces kuwa, su mayar da auto zuwa allow-hotplug a layin katin da ba kullum yake haɗe ba.

Abin da ya sa muka hana ka kashe hidimar shi ne, akwai abubuwan da ke dogara da ita don su san layi ya samu, kamar faifan da ake ɗaurawa daga wata na'ura ta NFS, ko manhajar da ke buɗe ƙofa a kan wani takamaiman adireshi. Ka kashe ta, tashi zai yi sauri, sai waɗannan su riƙa faɗuwa jefi-jefi, ka rasa dalili. Tunda kana cikin fayil ɗin, kwatanta sunayen katunan da abin da ip link ya nuna. Sunaye irin su enp2s0 daga mazaunin kati a cikin na'ura ake samo su, kuma ƙara wani kati ko faifan NVMe yana iya mayar da enp2s0 ya koma enp3s0, a bar ka da saitin katin da babu shi.

TAMBAYA: A ofishinmu Windows muke amfani da shi. Wanda ya kunna kwamfuta da sassafe yana samun intanet, amma wanda ya zo da rana sau da yawa ba ya samu. Da na rubuta ipconfig sai na ga adireshi mai farawa da 169.254. Muna da baƙi da yawa da ke hawa Wi-Fi ɗinmu.
Sakatariya, Sakkwato

AMSA: Hajiya, duk adireshin da ya fara da 169.254 ba rauta ce ta bayar ba. Windows ne ya nema bai samu ba, ya laƙa wa kansa, yana kuma sake nema duk bayan minti 5. Tunda da safe ana samu sai rana ta yi ake rasawa, zarginmu na farko shi ne adireshin rabawa ne ke ƙarewa. Aro ake ba kowace na'ura na wani wa'adi, kuma rautoci da yawa kan zo da wa'adin awa 24. Baƙon da ya zauna minti goma ya tafi, adireshinsa na nan a riƙe da sunansa har gobe. In rautar 50 ko 100 kawai take rabawa, kafin azahar sun ƙare, kuma mai rabon da hannunsa ya ƙare shiru yake yi, ba ya cewa babu.

Ki shiga shafin rautar da rana lokacin da abin ke faruwa, ki ƙirga waɗanda ke jerin masu aro, ki kwatanta da iyakar rabon. In sun cika, ki faɗaɗa iyakar, misali daga .20 zuwa .250, domin layi irin na 192.168.1.0 yana ɗaukar na'ura 254. Sannan ki rage wa'adin aro zuwa awa 2. Wannan ba zai yanke ma'aikata ba, domin kowace na'ura tana sabunta aronta da zarar rabin wa'adi ya wuce, ba tare da kowa ya sani ba. Bayan gyaran, a kwamfutar da ta maƙale ki rubuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew. In rautar na da layin baƙi na daban, ki buɗe shi ki mayar da su can.

TAMBAYA: Kwamfuta ɗaya ce tak a gidanmu ke wannan hali, wata rana ta samu adireshi, wata rana ta ƙi. Kebul ɗinta dogo ne, ni na matsa kawunansa da kaina.
Mai karatu, Kumasi

AMSA: Malam, kafin ka taɓa wani saiti, ɗauko kwamfutar ka kai ta kusa da rauta, ka haɗa da gajeren kebul na kanti, ka kunna ta sau biyar. In duk ta samu, kebul ɗinka ne. In Linux ce, journalctl -b -k | grep -i link zai nuna maka ko haɗin yana tashi yana faɗuwa lokacin tashi, ethtool kuma zai faɗi gudun da aka daidaita a kai. Katin gigabit da ya tsaya a 100Mb/s alhali rautar ma gigabit ce, alama ce babba. Gudun 100 wayoyi huɗu kawai yake amfani da su, na 1, 2, 3 da 6, gigabit kuwa sai duka takwas. In guda daga cikin sauran huɗun ta saki, katin zai yi ta gwada gigabit yana faɗuwa kafin ya sauko, kuma a wannan tsakanin wa'adin DHCP yana ta tafiya.

Yanke kawunan ka sake matsawa da jerin T568B a duka ɓangarorin: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne jera kowane launi kusa da ɗan'uwansa. Ƙaramar na'urar gwaji za ta nuna fitilu takwas sun kama, amma na 3 da na 6 ba su fito daga murɗi ɗaya ba, sai kebul ya yi aiki a gajere ya gaza a dogo. Tsawon kuma kada ya wuce mita 100. Tunda za ka yanke, kankare waya ɗaya da reza ka duba cikinta. In jan ƙarfe ne har ciki, to madalla. In ka ga fari a ƙarƙashin jan, alminiyam ne aka shafe, yana saurin karyewa a cikin kan kebul, kuma a irin tsawon da ka faɗa gara ka sauya shi da na jan ƙarfe zalla.